Ranar da 'yata ta tambaye ni mene ne gauraka

Wata ranar Lahadi da yamma, a shekarar 2019, ina zaune a tsakar gidana da ke Birnin Kebbi ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai 'yata ta biyu, wadda a lokacin take da shekara bakwai, ta zo mini da littafinta na aikin gida. Malamarsu ta ce kowa ya zana dabbobi da tsuntsaye guda goma. Na karɓa na duba. Ta zana zaki da giwa da jakin dawa, ta zana wani tsuntsun ƙasar ƙanƙara mai tafiya a tsaye da take gani a talabijin, ta kuma zana dabbar nan ta Ostireliya mai goyon ɗanta a aljihun ciki. Na yaba mata, sannan cikin wasa na ce, "To ina gauraka?" Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Baba, mene ne gauraka? Ana cin sa?"

Na yi dariya a gabanta, amma daren ranar barci bai zo mini da wuri ba. Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Argungu, a bakin fadamar Gulbin Rima. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yadda gauraki ke sauka garke-garke a fadama idan ruwa ya fara janyewa. Ni kaina na riski ƙarshensu: ina yaro na ga 'yan ƙalilan, da dogayen wuyansu da tukkun nan mai ruwan zinariya a kansu, na kuma ji kukansu da asuba. Yau tsuntsun da ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya ya kusa ƙarewa daga ƙasar baki ɗaya. Abin da mahaifina ya gani da yawa, ni na gan shi kaɗan, 'yata kuwa ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Ga ni da digirin digirgir, ina tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai ina yi musu bayanin zaizayar ƙasa da gurgusowar hamada, alhali a cikin gidana akwai yarinyar da ta san dabbobin Ostireliya fiye da tsuntsayen fadamar kakanninta.

Kafin in ɗora wa talabijin ko makaranta laifi, ya kamata in faɗi nawa. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya. Duk wanda yake jihar nan a lokacin ya san zazzaɓin da ya biyo baya: ma'aikaci da ɗan kasuwa da malami, kowa ya koma fadama. Ni da yayana muka shiga gonar gadonmu a ranin 2016. A gefenta akwai gawo guda biyu da wani ɗan tafki da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani. Mai tarakta ya ce itatuwan za su hana shi juyawa, tafkin kuma asarar fili ne. Ni ne na biya kuɗin sare gawon, ni ne na biya kuɗin cike tafkin. Mun sami shinkafa, ba zan yi butulci ba; da kuɗinta na gama rufin gidana. Amma a tafkin nan na koyi iyo, a nan na fara ganin an haƙo gaiwa daga busasshen laka tana raye, a kan gawon nan kuma balbelu suke kwana. Cikin kwana uku na share wurin da ya koya mini rabin abin da na sani game da halittu, ban kuma ji komai ba sai da yarinya ta yi mini tambaya bayan shekara uku.

A 'yan shekarun nan masana muhalli a ƙasashen Turai da Amurka suna ta maganar wani tunani da za a iya kira da Hausa mayar da dawa hayyacinta. Ma'anarsa ita ce mutum ya ɗan janye hannunsa daga wani yanki, ya bar tsirrai da dabbobin asalin wurin su dawo su ci gaba da aikin da suka saba, idan ta kama kuma ya taimaka wajen maido da waɗanda suka ɓace. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na gandun dajin Yellowstone a Amurka, inda aka mayar da kyarketai a 1995 bayan an shekara kusan saba'in da kawar da su. A kusa da mu ma akwai misali. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 kacal a 1996, dukkansu a yankin Kure kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Da aka hana farautarsu, aka kuma jawo mutanen ƙauyukan wurin cikin aikin kare su, yau sun haura 600. A 2018 ma an ɗauki takwas daga cikinsu aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda rabonsu da wurin shekaru da dama.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ainihin wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kabi. Duniya ta san bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asalinsa na zamani a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Abin da baƙi suke zuwa kallo shi ne sa'a ɗaya ta hargowa: dubban masunta da gora da homa suna rugawa cikin Matan Fada. Abin da ba su gani shi ne sauran watannin shekara, lokacin da aka hana kowa jefa koma a wannan yanki na gulbi, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaron dokar. Katon giwan ruwan da ake ɗagawa a nuna wa duniya, wannan hanin ne ya raine shi. Kakanninmu ba su karanta kimiyyar halittu ba, amma sun san cewa ruwan da ba ya hutawa ba ya tara kifi.

Da aka dawo da bikin a watan Maris na 2020, bayan ya shekara kusan goma ba a yi ba, na kwashi yarana uku muka tafi. A wannan shekarar kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Yaran suka yi ta tsalle. A hanyar dawowa babbansu ya ce, "Baba, me ya sa a kasuwa ba a sayar da irin wannan?" Na ce masa saboda a sauran wurare ba a barin kifi ya girma. Na yi musu bayanin abin da kowane ɗan Sarkawa ya sani: da damina gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, kifaye su bi ruwan su shiga cikin ciyayi su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a tafkuna da ƙoramu, idan ruwa ya fara janyewa su koma uwar gulbi. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 da ta Goronyo da ta biyo baya a shekarun 1980 sun kawo noman rani da ruwan sha, amma sun sauya yadda wannan malala take zuwa. Sai kuma mu da muka cike tafkunan, da masu kamun kifi da gidan sauro waɗanda ba su barin ko ɗan tsako, da masu zuba guba a ruwa. 'Yata ta yi shiru, can ta ce, "Baba, gonarmu akwai tafki?" Na ce da akwai. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

A makon nan na je wurin yayana na roƙe shi ya bar mini wani ɗan yanki a gonarmu ta tudu, wanda bai fi taki arba'in a kowane gefe ba, wurin da ƙasar ta gaji har gero ba ya yin kai. Na ce ina so in bar shi ba noma, ba ƙuna, yara su riƙa zuwa suna duba abin da zai fito. Ya dube ni ya ce, "Malam, boko ya yi maka yawa. Kai kana da albashi. Ni abin da na noma shi nake ci. Ka bar fili ya zama daji, macizai su shigo, tsuntsaye su sami wurin kwana su cinye mini gero, sannan ka koma Birnin Kebbi ka bar ni da su?" Na ce, "Yaya, gaskiyarka ce. Ni zan biya ka abin da wurin yake bayarwa duk shekara." Ya yi dariya ya ce abin da wurin yake bayarwa bai kai kuɗin man da zan ƙona in zo ba, in ɗauka.

Ban kawo maganar yayana don in nuna ya yi kuskure ba. Duk wanda ya taɓa ganin tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonar shinkafa kamar hadari ya san cewa ba kowane tsuntsu ne manomi zai yi wa maraba ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar yaron da kububuwa ta sara ya san dalilin da ya sa mutanen ƙauye suke share kewayen gida ƙal. Tunanin da aka haifa a ƙasar da abinci ya yi yawa har gwamnati take biyan manomi ya bar gona ta huta, ba za a kwaso shi ɗungurungum a dasa a ƙasar da magidanci yake lissafin damin geron da zai kai shi kaka ba. Idan muka koya wa yara son dawa ta hanyar da za su raina iyayensu manoma, mun yi ɓarna. Shi ya sa misalin da na fi dogara da shi ya fito ne daga Maraɗi, daga hannun manoma talakawa irin yayana.

A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi, mafi yawan abin da ya dasa kuma yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sarewa duk shekara lokacin sassabe ba ciyawa ba ce. Tofo ne daga kututturan manyan itatuwan da aka sare tuntuni, waɗanda saiwoyinsu suke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi: manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya kare waɗanda ya bari. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, itacen yakan tashi da saurin da dashe ba ya yi. Manoman Nijar suka ɗauki abin suka yaɗa shi a tsakaninsu, har aka ƙiyasta cewa ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba su bar noma ba. Gero ne yake girma a tsakanin itatuwa. Gawo ma, wanda na biya aka sare, shi ne babban abokin manomi a cikinsu: yana zubar da ganyensa da shigowar damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. A 2018 an ba Rinaudo da manomin nan na Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, lambar yabo ta Right Livelihood saboda irin wannan aiki.

Da wannan dabara muka fara. Na saya wa kowane yaro littafin rubutu da zare mai launi. Ranar farko muka zagaya filin muna neman kututtura. Muka sami sabara da kalgo da yawa, da magarya, da aduwa guda ɗaya. Kowa ya zaɓi nasa ya ɗaura masa zare. Na nuna musu yadda ake datse ƙananan rassa, amma wuƙar tana hannuna. Na kafa musu dokoki uku: ba a shiga ba takalmi, ba a sa hannu a rami, ba a ɗaga dutse sai da sanda. Sunayen tsirrai kuwa ba ni na koya musu ba. Gwaggona, wadda ta haura saba'in, ita ta zama malamarsu. Tana tafe tana nuna musu tafasa da rama da yaɗiya, tana faɗin wanda ake ci da wanda ake jiƙa wa mai jego da wanda ba a bari akuya ta kusanta. Rannan na ji tana ce wa ƙaramin, "Kai Auta, wannan ba haki ba ne, abincin kakanka ne a shekarar yunwa." Na tsaya a baya ina rubutawa kamar ɗalibi, domin kusan rabin abin da ta faɗa ban sani ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ambaliyar daminar 2020, wadda ta cinye dubban kadadun shinkafa a jihar nan, ta yanke mana hanya har kusan wata biyu. Da rani awaki suka shiga suka gwaguye rabin abin da muka bari. A shekara ta biyu wani ya zo da dare ya sare aduwar 'yata, wadda ta riga ta kai kafaɗata. Ta yi kuka sosai, ta ce a nemo shi a kai shi wurin 'yan sanda. Na zaunar da ita na tambaye ta da me ake dafa abinci a ƙauyen. Ta ce da itace. Na ce nawa ne kuɗin gas ɗin da muke dafa namu da shi? Ba ta sani ba. Na faɗa mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Bayan wata uku muka koma, sai ga kututturen ya sake tofo har rassa shida. Ita da kanta ta zaɓi biyu ta ɗaura musu zare. Wannan darasi, na cewa wanda ya sare itacen ba lallai mugu ba ne, itacen kuma bai mutu ba, ban san yadda zan koyar da shi a kan allo ba.

Yau sabara da kalgon sun wuce tsayina. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta yi duhu, iskar hunturu tana tara mata ganye da ƙura maimakon ta kwashe. A littattafan yaran akwai sunayen tsuntsaye goma sha huɗu da suka gani da idonsu a wurin, har da shamuwa da ta ratsa ta sama gab da faɗuwar damina. Sun ga bushiya, sun ga damo, sun ga sheƙar kurciya da ƙwai biyu suka bar ta. Gauraka bai dawo ba, kuma ba na yaudarar kaina cewa fili mai taki arba'in zai dawo da shi. Shi yana buƙatar fadama mai faɗi da ruwa da kwanciyar hankali. Yayana har yanzu yana kiran wurin dajin Malam, amma bara na lura cewa da ya yi sassabe a tasa gonar ya bar 'yan gawo guda huɗu da suka fito da kansu. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce mini ba.

Na san ba kowane uba ne yake da gonar gado ba, kuma matsalar tsaro ta sa fita daji da yara a wasu sassan jihar nan ya zama abin tunani. Mu ma akwai watannin da muka daina zuwa. Sai dai abin da nake magana a kai ba sai an je nesa ba. Kusan kowace makarantar firamare a Birnin Kebbi da Argungu tana da wani lungu a bayan azuzuwa da ake sharewa a ƙone duk zango. A kewaye shi da ƙaya, a bar shi, a ba kowane aji alhakin duba shi da rubuta abin da ya fito. Na taɓa halartar bikin dashen itatuwa a wata makaranta inda aka dasa dogonyaro sittin, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna; da na koma bayan hutu uku ne kawai suke da rai, domin babu yaron da aka ce wannan naka ne. Dogonyaro yana da amfaninsa, amma baƙo ne daga ƙasar Indiya, kuma yaron da bai san wani itace ba sai shi, bai san ƙasarsa ba. A haɗa masa da kuka da tsamiya da ɗorawa da giginya da kanya. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ganuwar da yara ba su san da ita ba kuwa, babu mai gadinta nan da shekara ashirin.

Ga abokan aikina masu horar da malaman firamare, a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da sauran wurare, ina roƙon a tura ɗalibai su tattaro sunayen itatuwa da kifaye da tsuntsaye daga bakin tsofaffi, da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci, tun masu sunayen suna raye. Ga masu shirya bikin Argungu, ina ba da shawarar a ware wa 'yan makaranta rana guda kafin ranar su, a kai su bakin Matan Fada, Sarkin Ruwa ya yi musu bayanin dalilin da ya sa ake hana kamu. Ana kai yara Gidan Tarihi na Kanta su ga makaman kakanninsu, wannan kuwa daidai ne. A nuna musu har da dokar da kakannin suka kafa wa kansu a kan ruwa. Ga iyaye irina kuma, abin da ya fi sauƙi: idan ka fita da ɗanka, ka tsaya a gindin itace ɗaya ka faɗa masa sunansa. Idan ba ka sani ba, ku tambayi dattijon da ke zaune a inuwarsa, ku koya tare.

A bana ni da yayana mun yi magana a kan tafkin. Ya ce idan na biya kuɗin haƙa, ba zai hana ba, da sharaɗin a bar shanunsa su sha. Na amince. 'Yata, wadda yanzu ta shiga sakandare, ta tambaye ni ko gaiwa za ta dawo cikinsa. Na ce mata idan gulbi ya malalo ya kai wurin, akwai yiwuwa. Ta ce za ta buɗe masa sabon shafi a littafinta. Allah Ya ba mu ikon gyara abin da muka ɓata da hannunmu, Ya kuma sa 'ya'yanmu su fi mu riƙon amana.